"Ai duk cirewa ce" ba hujja ba ce

Akwai wata takardar likita da aka yi ta yawo da ita. Wani ya ga kalmar Turanci excision a rubuce a cikinta, ya ce wa iyalan mara lafiya za a guntule masa ƙafa. Uwa ta kwana tana kuka, alhali ɗan ƙari ne za a ƙwaƙule a cinya. Da aka yi masa gyara sai ya ce "ai duk cirewa ce". Wannan amsar ta fi kuskuren ɓata min rai.

Malam, ba duka ba ne ɗaya. Amputation shi ne guntule gaɓa, hannu ko ƙafa ko yatsa. Excision yanke wani abu ne a fitar da shi daga cikin jiki, a bar sauran. Incision kuwa tsaga fata ne kawai, ba a fitar da komai ba tukuna. Harafi biyu ne tsakaninsa da excision, amma ga wanda ke kwance a gadon asibiti bambancin ba ƙarami ba ne. Haka ƙarshen sunayen tiyata da Turanci ya aro daga Girkanci: ectomy an cire, otomy an tsaga, ostomy an buɗe kafa.

Na ga masu cewa Turanci ne ya cika tara kalmomi. Ku bar wannan zancen. Mu ma ba mu taɓa haɗa tumɓuke da goge ba, ko fige da zare, ko kankare da tsallake. Yaro ma ya san ba a goge haƙori a ce an cire shi. To don me idan aka zo fassara sai mu tattara komai mu jefa cikin "cirewa"? Ganda ce kawai.

Ku dubi eradicate. Asalinsa kalmar Latin ce ta saiwa, wato tumɓukewa har jijiya. Eliminate kuma daga kalmar bakin ƙofa ya fito, a kori abu waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an tumɓuke cutar agana daga duniya a 1980, wannan shi ne eradicate. A 2020 ta ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma cutar na nan a Afganistan da Pakistan, wannan kuwa eliminate ne. Wanda ya fassara su iri ɗaya zai sa iyaye su ɗauka rigakafi ya ƙare.

Don Allah, wanda bai tabbatar da kalma ba ya tambaya kafin ya sa uwar wani kuka.

Af, na kusa mantawa. Wani ya tambaye ni ko excise ɗin harajin kaya daga yanka ya samo asali, tunda ana yankar kuɗi. A'a. Wancan daga harshen mutanen Holan ya shigo Turanci, rubutu ne kawai ya zo ɗaya da excise mai nufin yankewa.