“Za mu yi addu'a a kai” ba biyayya ba ce

To kun dai ji sanarwar da aka yi mana jiya bayan sujada. Wai maganar ɗakin Mama gwauruwa da ruwan sama ya rusa “tana gaban kwamiti”, za a duba ta a zaman wata mai zuwa, kafin nan mu ci gaba da sa ta cikin addu'a. Sannunku da aiki dattawa! Sai mu aika wa damina takarda ita ma ta dakata har ku zauna.

Ni fa abin da ya ƙona mini rai ba rashin kuɗi ba ne, don kuɗi akwai su. Ranar da aka ce lasifikar coci ta fara kwarkwar, a Lahadi ɗaya aka tara kuɗin sabuwa, mutane na rige-rigen ɗaga hannu ana kiran suna ana tafi, ban ji wanda ya ce a tsaya a nemi nufin Allah ba. Amma tsohuwar da ta fi yawancinmu daɗewa tana share majami'ar nan, yau tana kwana a falon maƙwabta ita da jikoki, kayanta ɗaure a buhu, katifarta shanye a kan katanga ta ƙi bushewa, ita ce za a yi wa azumi da addu'a tukuna.

Abin da Allah ya riga ya faɗa ba a komawa a tambaye shi ko da gaske yake. Ku buɗe Karin Magana 3:28, an ce kada ka ce wa maƙwabcinka ya tafi ya dawo gobe za ka ba shi alhali abin yana hannunka. Gobe ma fa aka hana, balle wata mai zuwa. Yakubu 1:27 ya ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. A sura ta 2 kuma kamar a cocinmu ya zauna ya rubuta, ɗan'uwa ba tufa ba abinci ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfaninsa? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, don haka kada wani ya ce mini Turanci ne ya sha masa kai.

Ibrahim da Allah ya ce ya miƙa Ishaku hadaya, Farawa 22 ta ce da sassafe ya tashi ya yi wa jakinsa shimfiɗa, ya faskara itace ya kama hanya. Ɗansa fa, ba kwanon rufi ba! Bitrus da Andarawus da Yesu ya kira su, nan da nan suka bar tarunansu na kamun kifi. Yakubu da Yahaya har ubansu Zabadi suka bari a cikin jirgi. Mu kuwa buhun siminti kaɗan ya sa mun zama masu zurfin tunani.

Na san masu “komai a yi shi bisa tsari” suna nan tafe da 1 Korintiyawa 14:40. Ku huta. Bulus maganar hayaniya a wurin sujada yake yi, ba ba ku izinin ajiye gwauruwa a layi ya yi ba. In ma kwamiti kuke ji da shi, ku je Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai ɗin da aka zaɓa, su Istifanas, saboda me aka zaɓe su? Saboda ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci na kowace rana. Kowace rana fa. An kafa su don abu ya yi sauri, namu kuwa in aka ce magana ta shiga kwamiti to a yi mata jana'iza. Mai cewa “ai tana da 'ya'ya” kuma, ka san inda suke ka je ka kira su, kafin su zo ruwa bai fasa zuba ba.

Gaskiya 'yan'uwa, ba faɗa nake nema ba. Tsoro nake ji mana. Muna haddace aya, muna lashe gasar karatun Littafi, muna cika waya da saƙon “aya ta yau” tun asuba, amma in ayar ta taɓa aljihu sai mu ce muna jiran Ruhu ya yi magana. Yakubu 4:17 bai rage mana wurin ɓuya ba, wanda ya san abin da ya kamata ya yi bai yi ba, zunubi ne a gare shi. Jinkirin nan da muke lulluɓewa da addu'a rashin biyayya ne, ko da murya mai sanyi aka karanta shi a sanarwa.

Allah ya sa wa 'yan zumuntar mata albarka, su ba su jira kowa ba, tun ranar suke kai mata tuwo da bargo. Matasa, Asabar da safe duk mai shebur ko baro ya fito da shi, magini ɗaya ya riga ya ce ba zai karɓi kuɗin aiki ba.

Af, kuma don Allah wanda ke kula da sabuwar lasifikar nan ya riƙa rage mata murya, tsofaffin da ke bencin gaba toshe kunne suke yi tun daga waƙar farko har a tashi.