Mai riƙon amana, a gida ake fara gwada shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, da an ambaci shugabanci sai hankalinmu ya tafi Abuja ko gidan gwamnati, mu gyara zama mu fara lissafa laifin manya. Manya suna da nasu hisabi, kuma mai nauyi ne. Amma hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito bai tsaya a kansu ba. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ya ambaci shugaba, ya ambaci magidanci, ya ambaci mace a gidan mijinta, har ya sauko kan bara mai kula da dukiyar ubangidansa. To hedimasta yana ciki. Akawu mai riƙe da fayil yana ciki. Shugaban tasha, sarkin pawa, dillalin albasa, nas mai aikin dare, babu wanda aka tsame.

Ku dubi dattijon da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli. Ya taso daga ƙauye da asuba da kuɗin mota na rance, takardunsa a naɗe cikin baƙar leda don kada zufa ta jiƙa su. Tun hantsi yana kan benci, cikin zafin nan namu na bazara da ko iska ta kaɗa wuta take hurawa. Can bayan azahar yaro sa'ar jikansa ya leƙo ya ce, "Baba, oga bai shigo ba, ka dawo ranar Litinin." Fayil ɗin kuwa yana nan cikin durowa, na goro kawai ake jira. Dattijo ya ce "to, Allah ya kai mu", ya lalubi sandarsa. Wallahi wannan "to" ɗin abin tsoro ce. Nana A'isha ta ji Annabi (SAW) yana addu'a a ɗakinta cewa: ya Allah, wanda ya jiɓinci wani al'amari na al'ummata ya tsananta musu, ka tsananta masa, wanda kuma ya tausasa musu, ka tausasa masa. Muslim ne ya ruwaito. Wa zai so addu'ar Annabi ta faɗa a kansa saboda naira dubu biyu?

Wani zai ce ai ni ban roƙa ba, kyauta aka ba ni. An riga ka faɗar haka. Annabi (SAW) ya tura wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Kujerar aka ba, ba kai ba. Kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: ranar da mai kyautar zai dawo da buƙatar da ba ta kan ƙa'ida, bakinka ba zai iya cewa a'a ba.

Duk wannan mun sha ji a wurin tafsiri. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damuna, shi ne inda mai gaskiya yake shan wahalarsa. Ɗan kwangila mai ambulan ba shi ne babbar jarrabawa ba, shi sau ɗaya za ka kore shi ya tafi. Jarrabawar tana gida. Kawu ya kira ka gefe ranar suna ya ce, "Kai ɗan nan, shekara nawa kana wurin nan ko kango ba ka tayar ba? Wane da kuka fara aiki tare ya kai uwarsa Makka sau biyu." Ƙane yana fushi don ba ka cusa sunansa a jerin waɗanda za a ɗauka aiki ba. A majalisa ana ce maka "malam na Allah" da wata irin murya wadda kai ka san ba yabo ba ce. Maiɗakinka ba ta ce komai ba, amma ka ga yadda take juya cefanen da ka kawo. Ga kuɗin makaranta, ga haya, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. A nan mutane da yawa suka karye, mutanen kirki waɗanda suka shiga aiki da kyakkyawar niyya.

Don haka nasihata ta farko ga dangi take. Iyayenmu, yayyenmu, matanmu, ku ji tsoron Allah game da ɗanku da aka ba riƙo. Kada ku yi masa addu'ar Allah ya tsare shi da safe, da yamma kuma ku tura shi wuta da gori. Idan ya kawo abin da ya fi ƙarfin albashinsa, ku tambaye shi daga ina. Uwar da ta ce "mayar musu, ba na ci" ta yi wa ɗanta gatan da ya fi kujerar Makka.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da uzurin cewa ba mu ga misali ba. Wajajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta, aka ware wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo miskali 500 na zinari. Shehu bai karɓa ba. Ya nemi abu biyar a madadinsa: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Da ya sa hannu ya karɓi zinarin nan, da wane baki zai yi maganar harajin talaka?

Kuma kada mu ɗauka hanya ta miƙe wa Shehu da jama'arsa don suna da gaskiya. Sun bar Degel zuwa Gudu a 1804, sun yi nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane wajen 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Ga yunwa, ga ciwo, ga kuma yaƙin Alwasa a 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Shi kansa Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas. A Kano aka roƙe shi ya tsaya, ya karantar, ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya dawo ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya so ya guje wa. Wannan ya kamata ma'aikacin da ya gaji ya riƙa tunawa. Idan duk mai tsoron Allah ya ajiye aiki don wurin ya lalace, wa za a bar wa dattijon nan mai baƙar leda?

Sai dai riƙon amana bai tsaya ga ƙin cin haram ba. 'Yar dattijon Madyana da take ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta haɗa: mai ƙarfi, amintacce. Annabi Yusuf da ya nemi riƙon taskokin Masar ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Malamin da ba ya karɓar ko sisi amma sai ƙarfe goma yake shiga aji, shi ma ya ci amana. Haka wanda ya fita sallar azahar bai dawo ba sai gobe, mutane na jere a ƙofarsa. Salla ba ta ce ka bar bayin Allah a rana ba. Ka iya aikinka, ka ƙara koyo, ka yi shi da niyyar ciyar da iyalinka halal da sauƙaƙa wa Musulmi, sai zaman ofis ɗin da kansa ya zama abin da ake rubuta maka lada a kai.

Wanda kuma ya san hannunsa ya riga ya taɓa abin da ba nasa ba, ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin mutane istigfari kaɗai ba ya goge shi. Ka zauna ka lissafa. Wanda ka san mai shi, ka mayar masa ko magadansa, ko da kaɗan-kaɗan ne, ko da ta hannun wani ne idan kunya ta hana ka. Wanda ka rasa mai shi, ka je wurin malami amintacce ya nuna maka yadda za ka fita daga ciki. Fayil ɗin da ka danne kuma, gobe da safe ka fito da shi ka sa hannu.

Allah ka ba masu riƙon amanarmu ƙarfin zuciya, ka wadata su da halal, ka ba su iyalin da za su taya su haƙuri. Amin.