Kada Ka Rufe Masa Zaure

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makon jiya bayan sallar Isha'i wani yaron unguwarmu ya tare ni a teburin mai shayi kusa da Ƙofar Ƙaura. Shekararsa 23. Shayinsa ya huce bai kurɓa ba, sai juya cokali yake yi. Can ya ce, "Yaya, kuɗin shagon Baba na cinye a cacar waya. Ya ce kada in ƙara taka masa zaure. Wanda uba bai yafe wa ba, ina Allah zai yafe masa? Ni dai gara in huta."

Hantata ta kaɗa. Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ne, ya sunkuyar da kai ya ce e. Daren nan a ɗakina ya kwana.

Kai matashi da kake ganin laifinka ya fi ƙarfin gafara, ka san Ka'abu ɗan Maliku? Sahabi ne, ya ƙi fita Yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira ba tare da uzuri ba. Kwana 50 ba mai yi masa magana a Madina. Ya haura katangar lambun ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so cikin mutane, ya yi sallama, ba a amsa ba. Allah da kansa ya siffanta halinsu, shi da wasu sahabbai biyu da su ma ba su fita ba, a Suratut Tauba aya ta 118: ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata. Irin ƙuncin da kake ji ke nan. Amma da asubar cikon kwana 50 aka ƙwala masa bushara cewa Allah ya karɓi tubarsa, Annabi (SAW) fuskarsa tana haske ya ce masa ya yi murna da mafi alherin rana tun da aka haife shi. Wanda ya ce kada ku kashe kanku a Nisa'i aya ta 29, Shi ne ya ce a Zumar aya ta 53 kada ku yanke ƙauna daga rahamarsa, yana gafarta zunubai baki ɗaya.

Iyaye, ku ma da ku nake. "Allah ya isa" da "ka zubar mana da mutunci" suna da sauƙin furtawa, yaron kuwa da su yake kwana. Misɗahu, wani ɗan'uwan Sayyadina Abubakar da yake ciyarwa, ya shiga cikin masu yi wa Nana A'isha ƙazafi, Sayyadina Abubakar ya rantse ya daina ciyar da shi, sai Suratun Nur aya ta 22 ta sauka: ba kwa son Allah ya gafarta muku? Nan take ya mayar masa da tallafin. Wane kuɗin shago ne ya kai wannan ciwo?

Ciwon damuwa kuma cuta ce kamar hawan jini, tana kama mai sallah da azumi. A yi addu'a, a kuma ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke rasa ransu ta hanyar kashe kansu duk shekara.

Washegari ni da limaminmu muka je wajen mahaifin. Ya daɗe shiru yana jan carbi, idonsa ya cika da ƙwalla, sannan ya ce, "Ku ce masa ya shigo, uwarsa kwana uku ba ta ci abinci ba." Ranar Litinin Alhajin da kansa ya kai shi asibiti.