Bakano da Bazazzagi a Garin 'Yan Baikin

Alhaji Bakano da amininsa Malam Bazazzagi sun je Ayilan bikin yaye ɗan ƙanwar Alhaji daga jami'a. Washegari yaron ya kwashe su zuwa Watafod, tsohon garin tashar jiragen ruwa a bakin kogin Shur. Ana yayyafi, Alhaji ya naɗe babbar rigarsa har wuya.

YARO: Kawu, ga hasumiyar Rejinal. A nan za mu fara ganin kayan Baikin.

BAKANO: Baikon wa? Ka kawo mu baiko ko ƙwaryar goro ba mu riƙo ba?

BAZAZZAGI: Baikin aka ce, ba baiko ba. Ka ga illar barin allo a gudu Kantin Kwari. Mutanen arewacin Turai ne, can wajen Nowe da Denmak, masu dogayen jiragen ruwa. Su suka kafa garin nan a shekarar 914.

BAKANO: Yaro, haka ne?

YARO: Haka ne, Kawu. Babu birnin da ya girme shi a ƙasar nan.

BAKANO: Yau dai Zariya ta taki sa'a. To Malam, tunda ka san masu gidan, biya mana kuɗin shiga. In mun koma masauki ma yi lissafi.

BAZAZZAGI: Yaro, kai ne shaida.

Suka kama matakala mai murɗiya. Ba a yi taki goma ba Alhaji ya yi tuntuɓe, hula ta yi gaba.

BAKANO: Innalillahi! Wane magini ne wannan? Wani tsani dogo, wani gajere!

YARO: An ce da gangan aka yi su haka, don maharin da ya hawo da gudu ya kifa.

BAKANO: Na san irinsu. Ya cinye kuɗin aiki, da aka kama shi ya ce dabarar yaƙi ce.

YARO: Ginin ya ga duniya, Kawu. An buga kuɗi a cikinsa, an ajiye makamai, daga baya aka mai da shi kurkuku. Akwai ma harsashin igwa da ya maƙale a bango tun yaƙin 1650.

BAZAZZAGI: Yanzu za ka ga kwalkwalinsu, Alhaji. Ƙaho biyu zaƙo-zaƙo kamar na bajimin sa. Da shi suke firgita abokan gaba.

YARO: Baba Malam, a yi mini afuwa. Ba a taɓa tono kwalkwalin yaƙin Baikin mai ƙaho ba. Masu zane da masu wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka ƙara musu.

BAKANO: Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Sake faɗa, kunnena na hagu bai ji ba. Ashe a Tudun Wada aka dasa musu ƙahon.

BAZAZZAGI: Ruwayoyi ne suka saɓa.

Alhaji bai saurare shi ba. Ya riga ya manna hanci a jikin gilashi, ya yi tsit.

BAKANO: Waɗannan 'yan dunƙulallun fa?

YARO: Duwatsun awo ne na darma. A 2003 ana shirin yin hanya a Wudstawun, kusa da nan, aka ci karo da tsohon sansaninsu. An samu azurfa gutsi-gutsi, har da guntun dirhami mai rubutun Larabci.

BAKANO: Guntu? Wa ya karya kuɗi?

YARO: Su ba ruwansu da sunan sarkin da ke jikin kuɗi. Nauyin azurfar suke bi. In ciniki ya faɗa, sai a ɗora a sikeli, in ta yi yawa a datse.

BAKANO: Allahu akbar. Babu "ba ni da canji", babu jabu. Malam, ka ce mini 'yan fashi ne, ashe 'yan kasuwa ne masu hankali.

BAZAZZAGI: Masu hankalin da ke fasa gidajen ibada su kwashe kaya, su kama mutane su sayar a kasuwar bayi ta Dabilin?

BAKANO: Wannan kam sun yi ta'asa. Amma dubi awon nan, don Allah. Ko a Kurmi sai an tona.

BAZAZZAGI: Dole ka yabe su. Ka san da suka far wa birnin Ishbiliya na ƙasar Sifen a 844, me Larabawan Andalus suka kira su? Majusu. Daga nan aka ce kalmar Maguzawa ta fito. Kakanninka ne na gindin Dala.

BAKANO: Shi ya sa tun daga ƙofa na ji jinina ya haɗu da nasu. Ku kuma da kuna nan lokacin, da a sikelin za a ɗora ku.

Daga nan suka taka 'yar tafiya zuwa gidan tarihin tsakiyar zamani. Alhaji ya ja birki gaban wata hula ta jan karan-miski.

BAKANO: Kai! Jar hula! Ashe har nan tafiyar tamu ta iso?

YARO: Kyautar Sarki Henri na Takwas na Ingila ce ga magajin garin nan, a 1536.

BAZAZZAGI: Mai mata shida.

BAKANO: Shida? Ba malamai a garinsu?

BAZAZZAGI: Ɗaya bayan ɗaya ya yi. Biyu ya rabu da su, biyu ya sa aka fille musu kai.

BAKANO: Subhanallahi. A cire shi daga tafiyar. Ni Hajiya ko harara na yi mata sai na kwana da yunwa.

A ɗaki na gaba fitila ta yi ƙasa-ƙasa, wasu manyan riguna suna ƙyalli a cikin gilashi. Alhaji ya zagaya su sau uku, yana murza yatsu kamar mai taɓa shadda.

BAKANO: Wannan zare na zinariya ne. Ba a yi mini ƙarya a kan yadi. Nawa za su sallama?

YARO: Ba na sayarwa ba ne, Kawu. Rigunan limaman coci ne na ƙarni na 15. A Fulorans ta Italiya aka saƙa alharinin, a Buruj ta Beljiyam aka yi aikin allura. Da sojojin Kuromwel, jagoran mayaƙan Ingila, suka tunkaro garin a 1650, sai aka ɓoye su a ƙarƙashin babban cocin. Ba a sake ganinsu ba sai 1773, da aka rushe cocin za a sake gini.

BAKANO: Shekara nawa ke nan?

BAZAZZAGI: 123. Ka bar lissafi, ka zo mu yi namu. Kuɗin shiga gida biyu, mutum uku, da shayin safe.

BAKANO: Haba Malam, ba ka ɗauki darasi ba? Ajiya ce nake yi maka. Waɗannan shekara 123 suka yi a ɓoye, ko zare bai tsinke ba, kuma ba wanda ya bi wani yana tuni. Kai ko awa uku ba a yi ba.

BAZAZZAGI: Yaro, ka ce hasumiyar can ta taɓa zama kurkuku?

YARO: Ƙwarai, Baba Malam.

BAZAZZAGI: Koma ka tambayo mana ko har yanzu suna karɓar mutum.

BAKANO: Mu je, ni ban ƙi ba. Amma ka sani, sai ka sake biya mini kuɗin shiga.