Kujerar Mota Mai Komawa Keken Jariri Ba Gadon Barci Ba Ce

Iyaye da dama a Zariya da suka sayi kujerar jariri ta mota, wadda ake buɗe ƙafafunta ta koma keken turawa kamar Doona, suna ɗauka cewa tunda ba sai an ɗaga yaro daga cikinta ba, ana iya barinsa a ciki tun daga gida har kasuwar Sabon Gari ko gidan suna, ya yi barcinsa yini guda. Wannan fahimta kuskure ce.

An ƙera kujerar ne domin kare jariri idan mota ta yi karo, shi ya sa yake zama a cikinta a kishingiɗe maimakon a kwance. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, idan ya daɗe a haka, kansa yana iya sunkuyowa har haɓarsa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse, kuma abin tsoron shi ne sau da yawa ba ya kuka balle a lura. Saboda haka masu kula da lafiyar yara suke ba da shawarar kada ya wuce kimanin awa 2 a ciki a lokaci guda, kuma lokacin da ake tura shi a keke yana cikin lissafin. Mai tafiya Abuja daga Zariya sai ya tsaya a Kaduna, ya kuma sake tsayawa a gaba kafin awa 2 ta cika, a fitar da jaririn, a shayar da shi, ya miƙe jiki.

Lulluɓe keken da zani a zafin watan Afrilu kuwa yana tare iska ya ƙara zafi a ciki. Idan an isa masauki, a kwantar da jaririn rigingine a kan shimfiɗa mai ƙwari.