Cohen: aikin ya mutu tun shekara ta 70, sunan ya ƙi bin sa

Jiya da daddare a majalisa wani ƙanena ya dage cewa Cohen laƙabi ne da ake ba 'yan leƙen asirin Isra'ila. Hujjarsa ɗaya ce: Eli Cohen, haifaffen Iskandariya ta Masar, wanda ya shiga Siriya da sunan Kamil Amin Sabit, ya saje da manyan gwamnati, har dubunsa ta cika aka rataye shi a bainar jama'a a Dimashƙa cikin watan Mayun 1965. Na ce masa, "Ƙanena, ka ga kunnen giwa ka ce ka san giwa."

Cohen, ko Kohen a harshen Ibrananci, na nufin limamin ɗakin ibada, mai miƙa hadaya. Gado ne ta wajen uba, kuma a wurin Yahudawa silsilarsa tana tuƙewa ga Annabi Haruna (AS). Saiwar kalmar ita ce ta haifi "kahin" a Larabci. Duk wanda ya yi makarantar allo ya wuce ta a Suratuɗ Ɗur, inda aka kore wa Manzon Allah (SAW) zama kahini ko mahaukaci. Tushe ɗaya, amma a gidan Ibraniyawa ta zama rawani, a gidan Larabawa ta zama boka.

Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus, babban ɗakin ibadar Yahudawa inda Kohen ke miƙa hadaya, a shekara ta 70 miladiyya. Daga ranar babu bagadi, babu hadaya, babu aikin. Sai dai dokokin ba su tafi tare da ginin ba, kuma nan ne abin ya kama ni. Kohen mai riƙo da addini ba ya auren bazawarar da aka saka. Ba ya kusantar gawa sai ta makusanci kamar uwa, uba, ɗa ko mata. Amininsa zai rasu, jama'a su shige maƙabarta, shi ya ja ya tsaya nesa da kaburbura yana hange. A wurin ibada shi ake fara kira wajen karatun Attaura. Idan zai sa wa jama'a albarka sai ya cire takalmi, a zuba masa ruwa a hannu, ya lulluɓe kansa da mayafin addu'a, ya ɗaga hannuwa yatsu a ware biyu-biyu. Hoton hannuwan nan ake sassaƙawa a kan dutsen kabarinsa. Ɗan fari namiji kuwa, idan ya cika wata guda, uban kan "fanshe" shi daga hannun Kohen da tsabar azurfa biyar.

Ni dai na fi ganin girman sunan da yake hana mai shi wani abu, a kan wanda ake ɗauka don taƙama kawai a katin ɗaurin aure.

Amma kar a ruɗe. Ba kowane Cohen ne Kohen na gaske ba, kuma da yawa ba ruwansu da waɗannan dokoki. Yahudawan Turai da dama sun ɗauki sunan dangi ne lokacin da hukuma ta tilasta, kamar dokar Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya a 1787 da ta Napoleon a 1808. Sunan ma ya yi ta sauya riga. Rashanci ba shi da harafin "h", sai ya koma Kogan da Kagan; Elena Kagan da ke Kotun Ƙolin Amurka tun 2010 ke nan. Katz kuwa taƙaitawa ce ta "Kohen Tzedek", wato limamin adalci.

To yanzu a jera su a gani ko za a ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Paul Cohen ya ci lambar Fields, ƙololuwar yabo a lissafi, a 1966. Stanley Cohen ya samu Nobel a fannin likitanci a 1986. Claude Cohen-Tannoudji, wanda ya ci Nobel na kimiyyar fiziya a 1997, a Ƙusanɗina ta Aljeriya aka haife shi, nan nahiyarmu. Leonard Cohen, mawaƙin Kanada, ya kwashe shekaru a gidan zuhudun mabiya Buda a Kalifoniya. Ga kuma Michael Cohen, tsohon lauyan Trump, da kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 3 a 2018. Ina da ra'ayina mai zafi kan abin da ake yi wa Falasɗinawa, amma ban ga yadda sunan mutum zai gaya mini matsayinsa a kai ba, balle halinsa.

Ƙanen nawa bai sare ba. Ya ce, "To Yaya, wanda ya fito a matsayin Eli Cohen a fim ɗin Netflix fa?" Na ce Sacha Baron Cohen ne, ɗan wasan barkwanci daga Ingila. Ya tafa hannu ya ce, "Ka ji ko! Shi ma Cohen!" Aka kwashe da dariya, mai shayi ya miƙo mini kofina da ya riga ya huce.