Karambanin da na yi wa RAM ɗina

Shekara guda cur ina buga gem a kwamfutar da na haɗa da hannuna, ina cika baki cewa RAM ɗina, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, gudun 3200 yake yi, tunda haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa. Ran nan ƙanena ya zo ya haye kujerata, ya buɗe Task Manager, manhajar da ke nuna yadda sassan kwamfuta ke aiki, sai na ji ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba.

"Yaya, 2133 fa nake gani a nan."

Na ce masa manhajar ce ba ta iya lissafi ba. Bai yi musu da ni ba, ya sake kunna kwamfutar, ya danna Delete ya shiga BIOS, wato shafin saitin ainihin kwamfutar, ya nuna mini wani layi da aka rubuta XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, a kashe. Ashe sandar RAM irin ta DDR4 idan ka soka ta, da gudun lafiya-lau na ƙa'idar JEDEC (ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM) take tashi, a kan bolt 1.2, don ta yi aiki a kowane madabod, wato babban faifan da ake jona sassan kwamfuta a kansa. Gudun da ke jikin kwali yana nan ajiye a cikin sandar, sai ka kunna shi da kanka. Intel ce ta ƙirƙiro tsarin, AMD ma ta fito da nata mai suna EXPO a 2022 don DDR5, irin RAM ɗin da ya biyo bayan DDR4. Danni ɗaya yaron nan ya yi, lambobi suka koma 3200, 16-18-18-38, bolt 1.35.

Bai tsaya nan ba, ya leƙa cikin akwatin. Sanduna biyu nake da su, kowace 8GB, na jera su kafaɗa da kafaɗa a ramukan farko saboda sun fi kyan gani a haka. Ya ce ramuka huɗun nan hanyoyi biyu ne, ni kuwa na cusa sandunan duka a hanya ɗaya, ɗaya hanyar tana zaman banza. Littafin madabod, wanda ban taɓa cire shi daga ledarsa ba, ya ce rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Ya gyara. Na kunna gem, sai ga shi yana tafiya sumul, sarƙewar da nake ɗora wa masu gem ɗin ta ragu sosai.

Da mai hankali ne da nan ya yi godiya ya kwanta. Amma yaron da na koya wa riƙe linzamin kwamfuta ya kunyata ni cikin minti goma, dole in nemo abin da bai sani ba.

Daren nan na duƙufa karatun lambobi huɗun nan, 16-18-18-38. Na farkon, CL, shi ne yawan bugun agogon da RAM ke jira tsakanin a tambaye shi abu da ya miƙo. Sauran, tRCD da tRP da tRAS, jiran buɗe layi ne, da rufe shi, da tsawon zamansa a buɗe. Ƙaramar lamba, gajeren jira. Har lissafi na koya: ka ninka CL da 2000, ka raba da gudun. Nawa, 16 a kan 3200, ya ba da nanosakan 10. Idan na sauke shi zuwa 14, zai zama 8.75. Wato abin da zan hana idona barci a kansa shi ne nanosakan ɗaya da kwata, alhali nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Na ga wannan lissafi da idona, na gyaɗa kai, na ci gaba.

Na samo lambobin wani gwani, 14-14-14-28, na kwafe su tsaf. Abin da na tsallake a bayaninsa shi ne sandunansa masu ƙwayar Samsung B-die ne, irin da ta yi suna wajen jure matsi. Nawa ban ma san wace ƙwaya ke cikinsu ba. Na danna F10 na adana saitin.

Allo ya yi baƙi. Fanka ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Wata 'yar fitila kusa da rubutun DRAM ta kama ta ƙi mutuwa. Na karanta cewa madabod kan ɗauki lokaci yana gwada sabon saiti, to sai na ba shi lokaci. Minti ashirin muna kallon juna ni da baƙin allo, ina hango fuskata a ciki, fuskar wanda garin neman gira ya rasa ido.

Maganin shi ne a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, don madabod ya manta abin da na gaya masa. Nawa a ƙarƙashin katin hoto yake, sai da na kwance katin. Na sa farce na taɓa maƙalin, batir ya yi tsalle ya faɗa can ƙasan akwati bayan wayoyi. Ƙarfe biyun dare ga ni a durƙushe, fitilar waya a baki, ina girgiza kwamfuta kamar mai duba asusu.

Da ta farfaɗo na ce to, a bi a hankali. Na sa 15. Ta tashi, na duba, 16 ta nuna. Na koma na sake sa 15, ta sake ba ni 16. Sau uku muna wannan ja-in-ja kafin in gano cewa a Ryzen, furosesan AMD irin nawa, idan wani saiti mai suna Gear Down Mode na kunne, ba ya karɓar CL mara, sai ya ɗaga shi zuwa cika. Raina ya ɓaci, na sa 14-17-17-36, na ƙara wuta zuwa bolt 1.4. Ta tashi! Na ɗauki hoton allo na tura wa ƙanena ba tare da ko kalma ɗaya ba.

Minti arba'in da fara gem, ina dab da gama matakin da ya yi sati yana ba ni wuya, allo ya koma shuɗi da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Tashin kwamfuta daban, lafiyarta daban. Na sa MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filashi, kafin ya gama zagayen farko jajayen layukan kuskure sun cika allon. Ajiyar gem ɗina ta wata uku kuwa ta ƙi buɗewa har yau.

Sai na yanke hukuncin cewa matsalar ƙarancin wuri ce, 16GB ta yi mini kaɗan. Na ƙaro sanduna biyu, suna ɗaya, lambobi ɗaya. Ashe suna ɗaya ba ya nufin ƙwaya ɗaya, kuma mai kula da RAM ɗin da ke cikin furosesa ya fi shan wuya da sanduna huɗu. Sun ƙi zama lafiya a 3200, sai da na sauko 2933. Na samu 32GB, na rasa gudu. Da na duba, gem ɗin ko 10GB bai ci ba. Abin da ke cinye wurin shafuka arba'in ne da na bari a buɗe a burauza, dukkansu kan yadda ake saita RAM.

Ranar Lahadi na kira ƙanena, na ce ya zo ya ga wani abu, ban ce taimako ba. Ya zare sabbin sandunan, ya mayar da BIOS yadda ya zo, ya kunna XMP, ya bar MemTest86 ya yi zagaye huɗu ba ja ko ɗaya. Har ya miƙe zai tafi, sai ya dawo ya buɗe saitin allo. Na ji 'yar dariyar nan.

"Yaya, wannan allon naka ba mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ba ne?"

Na ce shi ne, ga shi nan a jikin kwali.

"To a 60 yake tun ranar da ka jona shi."